Hannuna na ƙaiƙayi yana fitar da ƙurajen ruwa, uwar mijina ta ce jifa ce

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 29, ina zaune a Agege da mijina da yaranmu uku. Ina sayar da abinci a ƙofar gida, waina da safe, shinkafa da miya da rana, ranakun Asabar da Lahadi kuma ina yi wa amare da ƙawayensu ƙunshi. Tun wajen watan azumi hannuwana suka fara fitar da wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa a gefen yatsu da tafin hannu, kamar an cusa ƙwayar gero a ƙarƙashin fata. Ƙaiƙayi ba a magana, cikin dare har tashi nake in goga hannun a jikin bango. Bayan mako biyu ko uku sai su bushe, fatar ta saɓule ta tsattsage, in ɗan samu sa'ida, sai kuma su dawo. Na sayi mai a kemis, wanda ake ce wa mai aiki uku, in na shafa ya lafa, in na bari ya dawo fiye da da. Na jiƙa hannun a ruwan gishiri, na shafa toka da kanwa, wata maƙwabciyata kuma ta ce in riƙa fasa su da allura. Uwar mijina ta ce jifa ce aka yi mini saboda ciniki, in tattara in tafi gida a yi mini na gargajiya. Wata ta ce ƙazwa ce, amma mijina da yara babu mai susa. Abin da ya fi damuna, masu saye sun fara kallon hannuna, wasu ma sun daina zuwa. Anti, mene ne wannan, kuma yaya zan yi?

Ƙanwarki daga Agege

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya. Na karanta wasiƙarki na ji ba daɗi, domin wanda hannunsa ne jarinsa, ciwon hannu ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Ga rashin barci, ga ciniki na ja da baya, ga maganganun mutane a kai. Amma ki kwantar da hankalinki, abin da kika kwatanta sananne ne a wurin likitocin fata, kullum suna ganin irinsa, kuma ana samun sauƙinsa.

Kafin komai, daga yau ki ajiye allurar nan, ki ajiye toka da kanwa. Toka da kanwa suna cin fata, su ne ma ake haɗa sabulu da irinsu, to ina ga fatar da ta riga ta tsage? Ƙara mata rauni kawai suke yi. Allura kuma ƙofa take buɗe wa ƙwayoyin cuta, ƙurjin da ruwa ne zalla a cikinsa ya koma mai mugunya. Ruwan da ke cikin ƙurajen nan ba dafi ba ne da sai an fitar da shi, jiki ne ya tara shi, shi zai shanye abinsa in an ƙyale shi.

Babu mai iya tabbatar da ciwon fata daga wasiƙa, sai an gani da ido. Amma kin yi bayani mai kyau, kuma bayanin ya fi karkata wuri guda. Ƙananan ƙuraje masu ruwa da ke zaune can cikin fata, a gefen yatsu da tafin hannu, masu tsananin ƙaiƙayi, su bushe bayan mako biyu zuwa uku, fata ta saɓule, sannan su dawo, wannan ita ce siffar wani nau'in kirci da likitoci ke kira pomfoliks. Wasu har a tafin ƙafa yake fito musu. Ya fi kama mutane tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ba a ɗaukarsa, ba ya bin musabaha, ba ya bin abinci, ba ya bin kwanciya. Wanda yake da asma, ko yawan atishawa in ya shaƙi ƙura, ko ya yi fama da kirci yana yaro, ya fi saurin samunsa, don haka ki tuna ko akwai irin wannan a jikinki ko a danginku. Abubuwan da ke tayar da shi kuwa kusan duk suna cikin rayuwarki: zufar hannu, zafi, damuwa, yawan jiƙa hannu, da taɓa wasu sinadarai. Legas ma kanta tana da nata kason. A gida Arewa iska busasshiya ce yawancin shekara, zufa na fitowa tana bushewa. A nan kuwa iskar cike take da laima, tun daga zafin Fabrairu da Maris har cikin damina, hannu yakan wuni a jiƙe ko ba a taɓa ruwa ba. Shi ya sa za ki ga mace ba ta taɓa sanin wannan ciwo a garinsu ba sai da aure ya kawo ta Ikko.

To amma sanin sunan ciwon ba shi ne ƙarshen magana ba. Abin tambaya shi ne me ke tayar da shi a hannunki ke. Bari mu bi hannun nan naki daga asuba.

Kin tashi kin yi alwala. Kin juya ƙullun waina da hannu, ga yis, ga ɗan ruwan kanwa. Kin zauna gaban tanda, zafi na dukan yatsu, tafin hannu na zufa. Kafin hantsi kin gyara attarugu da tattasai, kin yanka albasa, kin ɓare tafarnuwa, kin matse tumatir, wataƙila har da lemun tsami. Sai wanke-wanke, kin zuba omo a roba kin tsoma hannu har wuyansa, kina dirzar tukunya da soson ƙarfe. Da rana a sake, da yamma a sake. Tsakani ga wankin yara uku, fararen kayan makaranta kuma sai an sa musu Hypo. Ki lissafa da kanki sau nawa hannun ya jiƙe ya bushe kafin isha'i. Fatar mutum tana da wani siririn maiƙo a samanta wanda ke riƙe danshi a ciki, ya hana abin waje shiga. Omo an yi shi ne don ya cire maiƙo, bai san na tukunya da na hannu ba. In an wanke maiƙon nan sau da yawa a rana, ba a ba shi damar komawa ba, fata sai ta bushe, ta yi ƙananan tsagu da ido ba ya gani, daga nan yaji da tsami da sabulu su riƙa shiga kai tsaye. Wannan kaɗai ya isa ya kawo ja, da raɗaɗi, da ƙuraje, ko ga wadda ba ta da wata lalurar fata a jininta.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki, wato ƙunshi. Ba ki faɗa ba, amma na san amaren yanzu baƙi suke so, kuma mai ƙunshin da ba ta yin baƙi ba ta samun aiki. Lalle na asali, ganyen da aka daka, ja yake bayarwa ko ruwan ƙasa, ba ya taɓa yin baƙi wuluk. Abin da ke sa zane ya yi baƙi cikin ɗan lokaci kaɗan shi ne dayis da ake haɗawa, kuma a yawancinsa akwai wani sinadari da ake kira PPD, wanda shi ne dai ake sawa a maganin rina gashi. Sinadarin nan yana cikin manyan abubuwan da aka sani a duniya suna sa jiki ya yi bori a fata. Yadda yake yi shi ne abin da ke ruɗa mutane. Mace za ta yi shekaru tana taɓa shi lafiya lau, jiki na ta lura da shi a hankali, ran nan sai ya ɗauke shi a matsayin abokin gaba. Daga ranar, duk sanda ya taɓa fata sai ta yi ja, ta kumbura, ta fitar da ƙurajen ruwa masu ƙaiƙayi. Kuma ba nan take ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Kin yi ƙunshi ranar Asabar, ƙuraje sun taso Litinin ko Talata, ina za ki kawo cewa dayis ne? Sai ki ɗora laifin a kan abin da kika taɓa ranar Talata, ko a kan wadda kuka yi cacar baki da ita ranar Litinin.

Ga abin da nake so ki lura da shi. Wane hannu ne ya fi tsanani, kuma waɗanne yatsu? In babban yatsa da manuni da na tsakiya ne, na hannun da kike riƙe ledar zane da shi ko kike goge kuskure, to zargi ya ƙaru. Ki duba kuma ko makon da ba ki samu aikin biki ba hannun yakan lafa. In ya tabbata PPD ne, gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce jiki ba ya mantawa da shi, har ƙarshen rayuwa sai dai a guje shi, kuma har da rinin gashi, wanda ma ya fi haɗari domin yana iya kumbura fuska da fatar kai gaba ɗaya. Ba ina cewa ki bar sana'arki ba. Jan lalle tsantsa da wuya ya yi wa mutum haka, kuma akwai matan da shi suke nema. Ni a ganina ma, ko hannunki lafiyarsa ƙalau, ya kamata mu masu ƙunshi da masu sa a yi mana mu sake tunani a kan baƙin nan. Amare nawa ne zanen ya tashi musu ya zama bororo a mako na farkon aure, ya bar tabo mai siffar fulawar da aka zana, wata har watanni bai goge ba? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, bai kamata mu riƙa gani muna shiru ba.

Akwai kuma ƙarfe. Zobe da awarwaro da agogo masu araha galibi akwai nikel a cikinsu, shi ma yana sa irin wannan bori. In kin taɓa lura ɗan kunne na sa kunnenki ƙaiƙayi yana ruwa, ko maɓallin ƙarfe ya bar miki tabo, ki faɗa wa likita. Ko ba ki da wannan, ki riƙa cire zobe kafin aiki, domin ruwan sabulu yakan maƙale a ƙarƙashinsa ya wuni yana cin fata.

Batun ƙazwa, wadda ta faɗa miki ba ta yi wauta ba, domin ita ma tana son tsakanin yatsu, tana kuma tsananta da dare. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga cikin fata ya yi ƙwai, kuma a gidajen hayarmu na Legas, inda mutum biyar ko shida ke kwana ɗaki guda, yaɗuwarta ba ta da wuya. Sai dai abu biyu sun sa ban fi zarginta ba. Na farko, ƙazwa ba ta cika tsayawa a hannu kaɗai ba, za ki same ta a wuyan hannu, da hammata, da zagayen cibiya, da ƙugu, da ƙarƙashin mama. Na biyu, watanni kina kwana da miji da yara babu mai susa. Gaskiya ne wanda ya kamu karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya fara jin ƙaiƙayi, amma naki ya wuce haka nesa ba kusa ba. Duk da haka ki duba yaran da kyau cikin hasken rana, musamman ƙaramin, tafin hannunsa da na ƙafarsa. In ita ce, maganinta daban ne ƙwarai: akwai man pametirin mai kashi 5 cikin ɗari da ake shafawa daga wuya har ƙafa a kwana da shi, a maimaita bayan mako guda, akwai ruwan benzil benzowet, kuma kowa a ɗakin sai ya yi a rana ɗaya, a wanke zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana. Kada ki saya ki gwada don a ga ko ita ce. Benzil benzowet a kan tsagaggiyar fata irin taki azaba ce, kuma zai ƙara ɓata ta.

Sannan ki cire takalmi ki duba ƙafafunki. Mai wanke-wanke a tsaye cikin ruwa da silifas ba ta rasa cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa. Wannan ƙwayar cuta ce dangin mai kawo makero, kuma tana da wani hali da mutane da yawa ba su sani ba: tana ƙafa, amma jiki ya mayar da martani a hannu, ƙurajen ruwa su feso a yatsu alhali babu ƙwayar cutar a cikinsu. Irin wannan, ko shekara za a yi ana shafa wa hannu magani ba zai daina ba sai an warkar da ƙafar. Wani lokacin kuma ƙwayar cutar kan kama hannun kansa, galibi hannu ɗaya, ya bushe yana garin fata.

Kin ga ke nan abu ɗaya ne a ido, ƙuraje da ƙaiƙayi, amma sababinsa ya kai huɗu ko biyar, kuma maganin wani yana iya zama gubar wani. A nan ne matsalar man nan mai aiki uku take. Abin da ke cikin irinsa galibi shi ne sitiroyid mai ƙarfi, da maganin makero, da maganin ƙwayoyin cuta, sau da yawa wanda ake kira niyomaisin. Sitiroyid ɗin ne ke kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu har ki ji kamar kin warke. Amma in ƙazwa ce, ya rufe alamarta ne kawai ƙwaron na ci gaba da haihuwa. In makero ne, yakan canza masa kama har likita ya sha wuyar gane shi. In an daɗe ana shafawa, fata takan yi siriri, ta yi haske, ta riƙa tsagewa da wuri, kuma ana dainawa ciwon ya dawo da ƙarfi, wanda shi ne daidai abin da kika faɗa. Niyomaisin ɗin ma kansa yana cikin abubuwan da ke sa fata bori. Kada ki fahimce ni ba daidai ba, sitiroyid ba abin gudu ba ne, in pomfoliks ne ma shi likita zai rubuta miki, mai ƙarfi kuwa, domin fatar tafin hannu tana da kauri. Bambancin shi ne zai ba ki shi tsantsa ba gauraye ba, ya faɗa miki sau nawa a rana, ya yanke miki kwanaki, galibi kamar mako biyu, sannan ya nuna miki yadda za ki rage. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda man nan ya zama maganin kowane ƙurji a gidajenmu, har jarirai ake shafa wa.

Don haka asibiti za ki je, ƙanwata, kuma kada ki ja lokaci. Ki fara da cibiyar lafiya ta matakin farko da ke unguwarku ko Babban Asibitin Orile Agege. In suka ga abin na buƙatar ƙwararre za su ba ki takardar turawa, akwai likitocin fata a asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, LASUTH, da ke Ikeja, wanda bai yi miki nisa ba, akwai kuma a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, da ke Idi-Araba. Tun da ciwon mai zuwa ne yana tafiya, ranar da aka ba ki tana iya faɗowa lokacin da ya bushe, saboda haka ki ɗauki hotonsa da waya yanzu, cikin haske, ranar da ya fi tasowa. Ki zuba duk abin da kika shafa a leda ki tafi da shi, har da kwalin man kemis ɗin, da dayis ɗin da kike haɗawa, da sabulun da kike wanke-wanke. Kada kunya ta sa ki ɓoye toka da kanwa da allura, sun ji abin da ya fi haka. Za su iya kankaro ɗan garin fata su duba a madubin likita don neman makero ko ƙwaron ƙazwa. In suna zargin bori ne, akwai gwajin da ake liƙa ƙananan sinadarai iri-iri a gadon baya, a bar su awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu, wanda fata ta yi ja a gurbinsa shi ne mai laifin. In Turanci ko Yarbanci na ba ki wahala, ki tafi da wadda za ta fassara miki, domin rabin gane wannan ciwo a cikin tambaya da amsa yake. Ki tambaya kuma game da inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko, an yi ta ne don mazauna Legas.

Akwai alamun da ba a jiran ranar asibiti a kansu. In ruwan ƙurajen ya koma mugunya, ko suka yi ɓawo rawaya, hannun ya kumbura ya yi zafi, ko kika ga jan layi na hawa damtse, ko kaluluwa ta fito a hammata, ko zazzaɓi ya zo, ranar za ki tafi. Haka in ƙuraje suka bazu zuwa fuska da jiki bayan zazzaɓi da kumburin wuya, domin ƙyandar biri ta sake ɓulla a Najeriya tun 2017 kuma takan fito a tafin hannu. Haka in mutum ya fara shan wani sabon magani sai fata ta fara tashi, leɓe da ido da cikin baki suka yi gyambo, wannan na gaggawa ne, a daina maganin a nufi asibiti ko tsakar dare ne. Mai ciwon suga kuma kowane rauni a hannu ko ƙafa ba abin wasa ba ne a wurinsa.

Kafin ranar ganin likita, da ma bayanta, akwai aikin da babu mai yi miki sai ke. Ki sayi basilin fari wanda ba shi da ƙamshi, ko man kaɗanya tsantsa wanda ba a zuba wa turare ba, ki ajiye ɗaya a wurin wanke-wanke, ɗaya kusa da buta, ɗaya a bakin gado. Duk sanda hannu ya taɓa ruwa, ki tsane shi da tsumma mai laushi, ba gogewa ba, har tsakanin yatsu, ki shafa man nan take. Da dare ki shafa da yawa ki sa safar hannu ta auduga ki kwanta. Wanke-wanke da wanki kuma da safar roba, amma a nan mata da yawa ke kuskure: a zafin Legas, safar roba in ta daɗe a hannu zufa ce ke taruwa a ciki, ta tayar da ƙurajen da ake gudu. Ki sa ta auduga a ciki, kada ki wuce minti 15 zuwa 20 ba ki cire kin sha iska ba, in ruwa ya shiga ki canza, in kin gama ki juya cikinta ta bushe. Ƙullu ki juya da muciya ko ludayi, kayan miya ki sa safa ko ki ba wani ya gyara. In ƙaiƙayi ya taso, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ki ɗora na ɗan lokaci maimakon bango, ki kuma yanke farce. Akwai ƙwayar rage ƙaiƙayi da ke taimaka wa barci, amma ki tambayi ma'aikacin lafiya tukuna, musamman in kina shayarwa ko kina da ciki. Baƙin ƙunshi ki dakatar da shi gaba ɗaya na mako huɗu zuwa shida ki ga abin da hannun zai yi. Alwala ba ta buƙatar sabulu, ruwa kawai, ki tsane ki shafa mai. In tsagun sun yi tsanani har ruwa na cutar da ke, ki tambayi malami, addini ya yi sauƙi ga mai lalura. Kuma ki sani fatar hannu takan ɗauki watanni kafin ta koma daidai ko bayan ƙuraje sun ɓace, kada ki ga sauƙi ki koma tsoma hannu a omo.

Na san za ki ce, Anti, wa zai yi mini wanke-wanken? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma a nan maigidanki ya shigo. Ki zaunar da shi ki karanta masa wannan amsa. Ɗaukar yarinya ko wata baiwar Allah mai wanke kwanuka na wata ɗaya ko biyu ya fi araha a kan rufe sana'ar baki ɗaya.

Shi ne kuma ya kamata ya yi wa Hajiya mahaifiyarsa magana, ba ke ba. Kada ki yi musu da ita, ba ƙinki take yi ba, ta ga ciwo ya ƙi ji ya ƙi gani, ta fassara shi da abin da ta sani. Ki gode mata, ki roƙe ta ta ci gaba da sa ki a addu'a, ke ma ki riƙe azkar ɗinki, babu inda addu'a ta hana zuwa asibiti. Amma ina so ki gane wani abu tun yanzu. In kika tafi gida kika yi wata guda, akwai yiwuwar hannun ya warke sarai. Ba za ki yi waina ba, ba za ki wanke tukwanen sayarwa ba, ba za ki taɓa dayis ba, ga busasshiyar iska. Kowa zai ce maganin ya karya jifa. Ki dawo Agege ki koma aiki, cikin mako biyu ƙuraje su dawo, sai a ce ai an sake jifa, kuma a fara neman wadda ta yi. Da haka ake ɓata zumuncin maƙwabta na shekaru a kan abin da ke cikin robar wanke-wanke. Zargin mutum da sihiri ba tare da hujja ba nauyi ne babba, kada ki yarda a ɗora miki shi.

Masu sayen abincinki kuwa, kada ki riƙe su a zuciya, ido ne ya gani rai ya ƙi. In kirci ne ko bori, babu abin da zai same su. Sai dai zan faɗa miki gaskiya, buɗaɗɗen rauni a hannun mai abinci, balle mai mugunya, yana iya sa ƙwayoyin cuta a cikin abincin, su ɓata cikin wanda ya ci. Saboda haka har tsagun su rufe, ki bar wani ya riƙa zubawa da miƙawa, ke ki tsaya kan kuɗi da lura da tukunya, in dole sai kin taɓa, ki rufe raunin da filasta ki sa safa mai tsabta. In mutane suka ga haka, hankalinsu zai fi kwanciya fiye da duk bayanin da za ki yi musu da baki.

'Yan'uwana maza da ke karanta wannan fili, ku ma abin ya shafe ku. Mai dakon attarugu da tumatir a kasuwar Mil 12, mai wankin mota da ke wuni cikin kumfa, mahaucin da ke aiki a mayankar Oko-Oba hannunsa ba ya bushewa, da lebura mai kwaɓa siminti da hannu tsirara, duk hanyar ɗaya ce. Siminti ma ya fi muni, domin jiƙaƙƙensa yana ƙona fata, kuma akwai sinadarin kuromiyam a cikinsa da ke sa bori mai naci wanda kan bi mutum ko bayan ya bar aikin. Baƙin mai da fetur da ake wanke hannu da su a gareji ba magani ba ne, ƙari ne.

Ƙanwata, in kin je asibitin ki sake rubuto mini. Ina so in ji abin da likita ya ce, da abin da kika gani a tsakanin yatsun ƙafarki, da yadda hannun ya kasance a makonnin da kika ajiye dayis. Ki gaida maigidan da yara, ki gaida Hajiya da kyau. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya dawo miki da cinikinki.